Yaro mai larurar otizim da karatu: lakwal ta gari ko makaranta ta musamman?

Duk shekara idan damina ta ja baya aka doshi watan Oktoba, lokacin rubuta yara a lakwal, akwai wata tambaya da ke dawo mana daga bakin iyaye, galibi mata, galibi kuma da murya ƙasa-ƙasa. Yaro ne ya kai shekara 6 ko 7, jikinsa lafiya lau, kunnensa na ji, amma ba ya magana kamar tsaransa, ko kuwa yana yi amma abin da aka faɗa masa kawai yake maimaitawa. Ba ya shiga wasan yara. In an canza masa kwanon da ya saba ci a ciki, ko hanyar da aka saba bi da shi, sai kuka da birgima. A kai shi lakwal ne, ko a bar shi gida? Ko akwai wata makaranta ta irinsu da ya kamata a nema?

Ba duk yaro mai waɗannan alamomi ne ke da abu guda ba, likita ne ke tantancewa. Amma da yawa daga cikinsu suna da larurar da likitocinmu ke kira otizim, wadda wasu gidajen rediyon Hausa ke ce wa galahanga. Ba ciwo ba ne irin masassara da za a sha ƙwaya kwana uku a miƙe. Yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwar yaro ta ginu tun farko, kuma da shi zai girma har ya tsufa. Ya fi bayyana ta fuska biyu: yadda yaro ke hulɗa da mutane da gane maganarsu, da kuma yadda yake manne wa abu guda, yana son komai ya tafi yau yadda ya tafi jiya. Da yawansu kuma ƙara, haske, wari ko taɓin jiki na isa gare su da ƙarfin da ya wuce yadda mu muke ji. Sai dai fa ba su zama ɗaya ba. Akwai wanda har ya girma ba zai furta kalma ba, akwai wanda zai cika ka da bayanin injin babur tun safe har azahar. Akwai mai raunin fahimta, akwai wanda duk kalas ɗinsu babu mai kama ƙafarsa a lissafi. Wasu kuma na da farfaɗiya a haɗe, wadda ita tana da magani a asibiti.

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, a shekarun baya ta ba da ƙiyasin kusan yaro 1 cikin 100. Mu yi lissafi irin na kasuwa: garin da ke da yara 300 da suka isa shiga lakwal, za a iya samun kamar 3 a cikinsu. To ina suke? Ko dai suna cikin kalas ba a gane su ba, ana ce musu daƙiƙai ko masu kunnen ƙashi, ko kuma suna gida, wani ma an kulle shi a ɗaki don kar ya ɓata.

Kafin mu wuce, mu cire wa iyaye mata wani nauyi. Ba laifin uwa ba ne, ba rashin tarbiyya ba ne, ba kuma wani abinci da ta ci da goyon ciki ba ne. Masu bincike sun gano cewa gado na da babban hannu a ciki. Allurar rigakafi ma ba ta kawo shi: wani likita a Ingila ne ya yaɗa wannan zance a 1998, daga baya aka gano aikin nasa ba na gaskiya ba ne, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010, shi kuma aka hana shi aikin likita. Game da zancen iska ko sammu da ake yi a garuruwanmu, mu ba mu hana kowa addu'a ba, kuma addu'a ba kishiyar asibiti ko lakwal ba ce. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne ɗaure yaro da mari, ko dukansa, ko turnuƙe shi da hayaƙi da sunan fitar da wani abu daga jikinsa. Matakin farko kuma mai sauƙi ne: a kai shi CSI, a nemi a tura shi babban asibiti a auna jinsa, domin kurumta ma na hana magana, ita kuwa hanyarta dabam ce.

Akwai wani abu a al'adarmu da ke sa larurar ga ta ɓuya. A Turai, idan yaro ba ya kallon idon mutane, nan da nan ake sa masa ido. Mu kuwa yaron da ke sunkuyar da kai gaban manya, mai ladabi ne. Yarinyar da ba ta magana, ba ta fita, tana zaune wuri guda tana jera marafan kwalba, sai a ce ai kunya ce da ita, Allah ya yi mata albarka. Ko a ƙasashen da ake da likitoci birjik, an fi gano larurar ga maza, kamar ninki huɗu, kuma masana da dama na ganin ƴan mata da yawa na wucewa ne ba a gane su ba, don sun iya kwaikwayon tsaransu. Sai ranar da aka kai irin wannan yarinya CI, cikin yara barkatai, abin ke fitowa fili.

Abin da ke a takarda da abin da ke a ƙasa

A takarda, ƙofar lakwal a buɗe take. A shekarar 1994 wakilan gwamnatoci 92 sun taru a birnin Salamanka na ƙasar Sifen, tare da UNESCO, suka amince cewa makarantun kowa da kowa su ne ya kamata su karɓi dukkan yara, masu larura da marasa ita. Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa yarjejeniyar haƙƙin naƙasassu a 2006, sashe na 24 nata a kan ilimi yake, kuma Nijar ta tabbatar da ita a 2008. A cikin gida akwai dokar 2019 a kan shigar da masu larura cikin harkokin jama'a. Ranar 2 ga Afrilun kowace shekara kuma ita ce ranar wayar da kai a kan otizim a duniya.

A ƙasa kuwa, makarantun musamman da aka fi sani a ƙasarmu na makafi ne da na kurame, kamar ta makafi ta Soli Abdourahamane da ta kurame ta Hassane Bana Ba, dukkansu a Yamai. Aikinsu na da kyau, amma ba don mai otizim aka gina su ba. Ƴan cibiyoyin da ke karɓar yara masu larurar ƙwaƙwalwa a manyan birane suke, kuma sau da yawa sai da kuɗi. Ƙungiyar Handicap International, wadda yanzu ake kira HI, ta yi aikin shigar da yara masu larura cikin lakwal na gari a Yamai da Maraɗi. Amma ga manomin da ke wani ƙauye a Dakoro, Mirriya ko Ilela, tambayar "ta gari ko ta musamman" ba ta ma taso ba. Zaɓinsa biyu ne: lakwal ɗin da ke bayan gari, ko tsakar gida. Shi ya sa muka fi son mu tsaya a kan abin da yaro ke haɗuwa da shi a cikin kalas ɗin.

Yini guda a lakwal, ta kunnen yaron

Mu ɗauki safiya guda. An buga ƙarfen mota da aka rataya a itace. Mu a wurinmu alama ce kawai ta shiga kalas, shi kuwa kamar an soka masa ƙusa a kunne. Ya shiga ɗakin da yara suka cika maƙil, huɗu ko biyar a teburi guda, kafaɗa na gugar kafaɗa. In rufin kwano ne, ko tsuntsu ya sauka sai ya ji. In runfar kara ce, karatun kalas ɗin da ke maƙwabtaka na shigowa kamar babu shamaki. Sa'an nan mushe ya ce a maimaita, yara saba'in su ɗauka da ƙarfi lokaci guda. Yaron ya toshe kunnuwansa da yatsu, ko ya shiga kaɗa jiki gaba da baya, ko ya riƙa karkaɗa hannu. Wannan kaɗa jikin ba iskanci ba ne, da shi yake kwantar wa kansa hankali, kamar yadda babba ke jan carbi ko kaɗa ƙafa in abu ya dame shi. In aka hana shi da tsawa, an ƙwace masa abin da yake riƙe kansa da shi ke nan.

Idan abin ya cika ya tumbatsa, sai ya fashe: ihu, faɗuwa ƙasa, cizon hannu, ko ya fita da gudu. Mai kallo zai ce rigima ce. Amma akwai bambanci. Yaro mai rigima yana leƙen fuskarka ya ga ko za ka ba shi abin da yake so, in ka ba shi sai ya yi shiru. Wannan ko ka ba shi duniya ba zai tsaya ba sai abin ya lafa da kansa, kuma bulala ƙara wa wutar itace take yi. Wani kuma ba ya fashewa, daskarewa yake, ya yi tsit kamar ba ya wurin. Shi ne wanda ba ya damun kowa, don haka a tura shi teburin baya, a manta da shi shekara guda.

Akwai tarkon da malamai da yawa ke faɗawa ba da gangan ba. Karatunmu na CI da CP maimaitawa ce ta fi yawa a ciki, yaro mai otizim kuwa sau da yawa gwani ne wajen maimaitawa. Zai rera maka darasin Faransanci daga farko har ƙarshe, har da irin muryar mushe. Sai a ɗauka ya gane. Ranar da aka juya masa tambayar, aka ce ya nuna littafi ko ya kawo alli biyu, sai ya tsaya ƙiƙam, a ce taurin kai ne tunda jiya ya iya. Jiya sauti ya riƙe, ma'anar ba ta shiga ba tukuna.

Sai kuma bakinmu na Hausawa, wanda ba ya tafiya sai da karin magana da habaici da barkwanci. Yawancin masu otizim yadda aka faɗi magana haka suke ɗaukarta. Ka ce masa ya buɗe kunnensa, ya kama kunnen yana ja. Madan ta ce, cikin wasa, duk wanda ya makara gobe za ta yanke masa kunne. Sauran yara su yi dariya su manta, shi kuwa ya kwana bai runtsa ba, da safe ya ƙi fita, uwar ta rasa dalili.

Lokacin da ya fi kowane wuya kuwa, abin mamaki, shi ne lokacin hutu, rekere kamar yadda yara ke cewa. A cikin kalas akwai doka, akwai babba. A fili babu. Nan ne ake ƙwace masa ƙosansa, a sa masa suna, a ce ya yi rawa ko ya faɗi wata kalmar banza a yi ta dariya, shi kuma yana tsammanin ya samu abokai. A shekarar 2008 wasu masana biyu na jami'ar Manchesta a Ingila, Neil Humphrey da Sarah Lewis, sun fitar da binciken da suka yi da ɗalibai 20 masu otizim a makarantun sakandare 4 na kowa da kowa. Sun zanta da yaran, sun kuma sa sun rubuta abin da ke faruwa da su kullum. Abin da ya fi fitowa shi ne tsangwama daga sauran ɗalibai, fargabar hayaniya da cunkoso, da ƙoƙarin ɓoye halinsu don kar a ga sun bambanta. Wasunsu ma ba su son mataimakin da ake zaunar musu a gefe, don yana nuna su ga kowa. Waɗanda suka ji daɗin makaranta kuwa, sau da yawa aboki ɗaya ko biyu na ƙwarai ne suka sauya musu lamarin. Wannan a ƙasar da ke da kuɗi da kayan aiki ke nan.

Mutum biyu da duniya ta san labarinsu

Yaro na farko da aka rubuta labarinsa da sunan otizim shi ne Donald Triplett, ɗan wani ƙaramin gari mai suna Forest a jihar Misisifi ta Amurka. Likita Leo Kanner ne ya sa shi farko cikin yara 11 da ya yi bayaninsu a 1943. Tun yana ƙarami an kai shi wani gidan renon yara na hukuma, nesa da iyayensa, ya yi kamar shekara guda yana ƙara shigewa cikin kansa, har iyayen suka je suka ɗauko abinsu. Daga baya suka ba wani manomi da matarsa riƙonsa. Donald na da son ƙirga da awo fiye da kima. Manomin bai hana shi ba. Sai ya sa shi ƙirga kunyoyin masara yana nomansu, ya sa shi aikin ginar rijiya yana faɗin zurfin da aka kai. Ya shiga ƴar makarantar ƙauyen, aka karɓe shi yadda yake. Ya gama sakandaren garinsu, ya yi digiri a harshen Faransanci, ya yi aiki a banki, ya rasu a 2023 yana da shekara 89.

Ta biyun ita ce Temple Grandin, wadda aka haifa a 1947 a Amurka. Ba ta fara magana ba sai da ta wuce shekara 3. A firamare, cikin ƙaramin kalas, ta samu sauƙi. Da ta shiga babbar makaranta sai tsokana ta yi mata yawa, har ta jefi wata yarinya da littafi, aka kore ta tana da shekara 14. A makarantar kwana da aka mai da ita, malamin kimiyya ya lura da yadda take son ƙere-ƙere, ya bi da ita ta nan. Ta zama farfesa a ilimin dabbobi a jihar Kolorado, kuma hanyoyin kora shanu da ta zana, waɗanda ke rage wa dabba firgita, ana amfani da su a manyan mahautan Amurka. Makiyayanmu za su fahimci irin idon da take da shi.

Kada mu ruɗi kanmu, dukkansu biyu ƴaƴan masu hali ne, kuma ba kowane mai otizim ne zai kai inda suka kai ba. Da yawa za su buƙaci mai kula da su har ƙarshen rayuwa, kuma darajarsu ba ta ragu ba don haka. Amma mu lura da abu guda: Donald wurin da aka keɓe ne ya cuce shi, makarantar ƙauye ta gyara shi. Temple makarantar kowa da kowa ce ta kore ta, ta musamman ta gyara ta. Sunan makarantar bai yanke hukunci ba a duka biyun. Ƙarancin hayaniya ne, da babba guda da ya dubi abin da yaron ke so ya mai da shi hanyar karatu.

Ita kuma ta musamman fa?

Makarantar musamman ta ƙwarai na da abin da lakwal ɗinmu ba ta da shi: yara kaɗan a ɗaki, malamin da aka horar, tsarin yini da ba ya canzawa, da koyar da abubuwan rayuwa kamar zuwa ban ɗaki, sa tufa, tsallaka titi. Ga yaron da ba ya magana ko kaɗan, ko mai ji wa kansa ciwo, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba mu ganin laifin uban da ya nema wa ɗansa irin wannan wuri. Amma manya masu otizim da suka yi karatu a irin waɗannan makarantu suna da nasu kuka. Wasu na cewa an raina ƙwaƙwalwarsu, an bar su suna ta zane da waƙa shekara da shekaru alhali suna iya karatu, suka fito babu takardar shaida. Akan haɗa mai otizim da mai kowace irin larura a ɗaki guda, a yi musu darasi guda. Ga nisa da gida. Yaron da ba ya iya ba da labari, in an zalunce shi a gidan kwana, wa zai gaya wa? Don haka duk ɗan uwan da ke ƙetare da ke shirin turo kuɗi a kai yaro wata cibiya a birni, ya sa a je a gani da ido tukuna: yara nawa ne a hannun malami guda, ana barin iyaye su shigo ba tare da sanarwa ba, me ake koyarwa, kuma me ake yi wa yaro in ya fashe da kuka.

Ku da ke Faransa da ƴaƴanku, dokar 11 ga Fabrairun 2005 ta ba kowane yaro haƙƙin a rubuta shi a lakwal ɗin unguwarsu. Ofishin da ake kai takardu shi ne MDPH, daga nan ake samun mai rakiya a kalas, AESH, ko gurbi a ULIS, wato ƙaramin kalas a cikin lakwal ta kowa. Jira na da tsawo, har wasu iyalai na kai ƴaƴansu Beljiyam, don haka a fara da wuri. Italiya kuwa tun 1977 ta rufe azuzuwan da ake ware irin yaran ga, ta zaɓi ƙara malamin taimako a cikin kalas. Kuma in wani ya ce ku daina yi wa yaro Hausa don kar harshe biyu su rikita shi, ku sani binciken da aka yi bai nuna harshe biyu na cutar da mai otizim ba. In kun yanke masa Hausa, kun yanke shi daga kakarsa.

Abin da lakwal ta ƙauye ke iyawa

Ba mu zo ɗora wa malamai laifi ba. Mushen da ke riƙe da kalas cike, wani lokaci ɗan kwantaragi ne da albashinsa ke makara, ba a kuma koya masa wannan fanni sosai ba a makarantar horon malamai. Amma yawancin abin da ke taimakon yaron ga ba ya cin ko dala. Wurin zama guda da ba a canzawa, a gaba, a bakin teburi, kusa da ƙofa, nesa da inda ake buga ƙarfe. Magana gajera, umarni ɗaya a lokaci guda, a kira sunansa tukuna, sa'an nan a ba shi ɗan lokaci kafin a maimaita, domin amsarsa na tafe, a hankali take zuwa. Izinin fita ya zauna gindin bishiya minti biyar in ya ji abin na taso masa, kafin ya kai ga fashewa. In za a yi baƙi ko za a canza darasi, a gaya masa tun da wuri.

Yawancinsu ido ya fi musu kunne. A jihar Karolina ta Arewa a Amurka akwai tsarin da ake kira TEACCH tun 1972, wanda ginshiƙinsa shi ne nuna wa yaro jerin abin da za a yi da hoto. Ba sai an sayo komai ba. Kwalin sukari da bik sun isa: a zana tuta, allo, ƙosai, gida, a jera, duk wanda aka gama a kife shi. Wanda ba ya magana kuma a yi masa kati na ruwa da na ban ɗaki, ya miƙa in yana so. Wasu iyaye na tsoron katin zai hana shi magana. Ba ya hanawa, sau da yawa ma kukan ne ke raguwa, tunda ya samu hanyar faɗin buƙatarsa.

Zancen rekere kuwa aikin jama'ar gari ne. Kwamitin kula da lakwal, CGDES, da ƙungiyar iyaye mata, AME, na iya tsara wanda zai riƙa sa ido a fili. Mushe ya zaɓi yaro ɗaya ko biyu masu hankali su zama abokan zamansa, amma kar a ɗora wa ƴar uwarsa ita kaɗai har nata karatun ya lalace, abin da muka san yana faruwa. Kuma a gaya wa yaran kalas gaskiya daidai hankalinsu: ƙara na yi masa ciwo, ba mahaukaci ba ne. Malamai na iya kawo zancen a taronsu na CAPED, wanda ya taɓa riƙe irin yaron ya ba sauran labari. A arewacin Togo an gwada malamai masu yawo, waɗanda aka horar a kan larurori, kowane na zagaya lakwal da dama yana dafa wa malamin kalas. Irin wannan tsari ya dace da yankin da ƙauyuka ke warwatse kamar namu, kuma abin da za mu so mu ji magadan gari da masu kula da ilimi na jiha suna tattaunawa ke nan.

Makarantar allo ma tana cikin lissafi. Zama wuri guda, lokaci guda, allo guda, maimaitawa kullum, duk abubuwa ne da ke yi wa wasu yaran daɗi, kuma akwai masu saurin hadda a cikinsu. A yi wa malam bayani, a roƙe shi ya ajiye dorina game da wannan yaro, ya zaunar da shi gefen da'ira inda ƙara ta yi sauƙi. Amma tura shi almajiranci wani gari, yaron da bai san haɗari ba, bai iya faɗin sunan garinsu ba, wannan kam muna roƙon iyaye kar su yi.

Ga wanda ya yanke shawarar rubuta ɗansa bana, kar a jira ranar buɗewa. Uba ko uwa su je wurin darakta tun kafin nan da takardar haihuwa, da ta likita in akwai, su faɗi abin da yaron ke so, abin da ke firgita shi, da abin da ke kwantar da shi. A kai shi ya ga kalas ɗin babu kowa, sau biyu ko uku, ya zauna a wurin da zai riƙa zama. A fara da awa ɗaya ko biyu a yini, a riƙa ƙarawa. In an ce babu wurin irinsa, a tafi wurin shugaban CGDES, in ba a dace ba a wuce ofishin sufeton makarantu. Bayan wata uku kuma a tambayi mushe abin da yaron ya koya wanda bai iya ba a da, ko da riƙe alli ne ko jiran layi, domin zama a teburin baya shiru ba karatu ba ne.

Sai hanyar zuwa da dawowa. Yara masu otizim da yawa na da halin sulalewa su tafi ba tare da sun gaya wa kowa ba, ruwa kuma na jan hankalinsu ƙwarai, har nutsewa na cikin manyan abubuwan da ke halaka waɗanda suka ɓace. A watan Oktoba tabkunanmu da kududdufai ba su ƙafe ba tukuna, ga rijiyoyin lambu marasa murfi. A samu babba ko yaro mai wayo da zai kai shi har ƙofar kalas ya kuma ɗauko shi, a ɗinka masa lambar wayar gida a cikin rigarsa, kuma ranar da aka neme shi aka rasa, a fara dubawa bakin ruwa kafin kasuwa.